Uku Na Farko a Layin Akawu

Duk wanda ya taɓa hawa benen ofishin jam'iyya na jiha ya san Akawu. Shi ne mutumin nan da ke zaune a ƙarƙashin fanka mai fiffike biyu, tabarau a kan hanci, yana buga takardu. Shekara goma sha bakwai yana buga sunayen wakilan da za su je babban taro su zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa. Da idonsa ya ga mai faci ya tafi taron a motar haya, ya dawo a tasa. Shi kuwa ko da wasa ba a taɓa cewa ya sa sunansa ba.

A shekarar da nake ba ku labari, uwar jam'iyya ta ce babu ɗauki-ɗora. Kowace ƙaramar hukuma za ta fitar da wakili ɗaya, ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya a fili, duk mai katin jam'iyya ya bi bayan wanda yake so, a ƙirga. Akawu ya sayi fom. Da shugaban jam'iyya ya gani, dariya ya yi har da hawaye.

"Akawu, wa zai bi bayanka? Fankar?"

Wannan dariyar ce ta kai shi inda ya je.

Wani direban ofis ne ya yi masa kwatancen wurin wani boka. Bayan tsohuwar mayanka, akwai wani gini da ba a ƙarasa ba. Da tsakar rana ya shiga, amma ɗakin duhu ne, an toshe tagogin da buhunan siminti. Ƙarnin jini ya doki hancinsa. A tsakiya akwai wata tukunya baƙa, an naɗe wuyanta da jan ƙyalle, ƙudaje sun yi mata rawani. A gefen bango kuwa takalma ne jere, ɗaya bayan ɗaya, na maza da na mata, har da ƙanana. Bokan siriri ne, yana zaune a kan fatar baƙin bunsuru yana yanke farce.

"Layi kake so," in ji shi, bai ko ɗago ba. "Za ka samu. Biyar na farko da suka tsaya a bayanka nawa ne."

Akawu ya ce: "Naka kamar yaya?"

"Ka girmi wannan tambayar."

"Ɗaya dai, ranka ya daɗe."

"Kasuwa ka zo?"

"Biyu. Don girman..."

"Kada ka ambaci wannan sunan a nan! Uku. Ban ragewa."

"Ko su wane ne?"

"Duk wanda ya tsaya. Kuma daga ka taka filin har a gama ƙirga, ba ka waiwaye. In ka waiwaya, ciniki ya warware, sun tsira, kai za a ɗauka."

Aka tsayar da shi ya juya wa tukunyar baya. Boka ya tsaga masa ƙeya sau uku da reza, ya shafa wani abu mai sanyi. Akawu ya ji ana numfashi a wuyansa, ga boka kuwa a gabansa yana kallonsa. Bai waiwaya ba.

"Ka iya," in ji boka.

Dabara ta zo masa tun a hanya. Ya je tasha ya yi magana da wasu 'yan dako uku, baƙi, waɗanda ko sunayensu bai tambaya ba. Ya buga musu katin jam'iyya, ya ce su ne za su fara tsayawa. A gida kuma ya kafa doka. Ya ce wa matarsa kada ta fito. Ya ce wa 'yarsa tilo, wadda ake kira Likita saboda tana karatun jinya, ta zauna da littafinta. Ya je har shagon yayansa mai walda ya ce za a yi rikici, kada ya zo.

"Kai da ka yi mana katin da hannunka?" in ji yayan, yana tarin nan nasa na hayaƙin walda. "To, na ji."

Ranar zaɓe, a filin makarantar firamare, 'yan takara huɗu suka tsaya. Layuka uku suka fara tsawo. 'Yan dakon nan, ashe an saye su tun da safe. Akawu ya hango su da gefen ido a layin wani ɗan kwangila. Bayansa babu kowa. Matasa suka fara ihu: "Akawu, buga layinka a takarda!"

Sai ya ji tari a bayansa.

Ko cikin mutum dubu ya san tarin nan.

"Ina nan, ƙanena," in ji yayan. "Ba za a yi maka dariya ina da rai ba."

Sai ƙamshin man da matarsa ke shafawa. Sai wata murya, tana haki saboda gudu: "Baba, mun zo! Ka ɗaga kanka."

Jama'a, a nan ne labarin yake. Wuya kawai zai juya. Ya ji tsagar ƙeyarsa tana zafi kamar an ɗora garwashi. Ya ce a ransa: bari in ga ko wasu za su shiga gabansu. Ya ce: wataƙila bokan maƙaryaci ne. Ya ce: in na samu, zan biya shi ya canza. Yana cikin wannan lissafi sai ƙasa ta fara girgiza da takun mutane. Layukan nan uku suka watse kamar an kora garke, kowa ya nufo bayansa, har da waɗanda suka yi masa ihu. Aka ƙirga. Akawu bai waiwaya ba.

Arziki ya zo da gudu. A babban taro, masu neman takara suka riƙa aiko masa har ɗakin otal, kowa da jakarsa. Wanda ya zaɓa ya ci, aka ba shi kwangilar buga duk takardun jam'iyya. Ya gina bene. Shugaban da ya yi masa dariya ya koma buɗe masa ƙofar mota.

Yayan ne ya fara. Akawu ya saya masa sabon injin walda. Ranar da ya kunna shi, wuta ta riƙe shi, ba ta sake shi ba sai gawa. Bayan wata biyu matar ta daina magana. Duk inda Akawu ya tsaya a gidan, sai ta zo ta tsaya a bayansa, hannuwa a saki, idanu a buɗe. In ya matsa ta matsa. Aka kai ta asibitin ƙwaƙwalwa, can ma bango take bi tana tsayawa a bayan masu shara. Wata safiya aka same ta a tsaye, ta sandare.

Da Likita ta fara rama, Akawu ya kwashi takardun gida da makullan motoci ya koma bayan mayanka. Ya zube a gaban boka.

"Ka karɓe duka. Ka ɗauke ni. Ga ni, na waiwaya!"

"An gama ƙirga," in ji boka.

"Ita kaɗai ta rage mini!"

"Ranar nan ma ita kaɗai ce 'yarka. Ka ji muryarta ko ba ka ji ba?"

Ya sayar da benen ya kai ta asibiti uku. Likitoci suka duba jini, suka duba ƙashi, ba su ga komai ba. A na ukun, ranar wata Talata da hantsi, ta riƙe hannunsa. Ta zama kamar sillen kara.

"Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce. Wannan ba ciwo ba ne. Me ka yi?"

Ya faɗa mata. Duka. Ta kalli silin, ta ce:

"Amma ba ka san mu ne a bayanka ba."

Ga ƙofa ta buɗe masa. Ya so ya bi ta, bakinsa ya ƙi.

"Na sani."

Ta zare hannunta a hankali. "Ni na ja Mama," in ji ta. "Ta ce ka hana. Na ce ai kunya kake ji." Ta juya fuskarta bango. Kwana biyu ta ƙara a duniya, ba ta sake ce masa uffan ba.

Yau Akawu yana nan a bakin tasha, ba riga, yana juyi a wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya faɗi a bayansa, har jiri ya kayar da shi, ya tashi ya ci gaba. Jam'iyya kuwa ta sake zaɓen wakilai sau biyu, ba wanda ya tuna da shi.

Kai da kake ganin an wuce ka, kake jin zuciyarka na tafasa, ka ji da kyau. Boka ba ya karɓar bare, don bare ba ya zuwa ya tsaya maka ranar da duniya ke yi maka dariya. Wanda zai zo, naka ne. Shi za ka sayar, kuma kana ji kana gani za ka sayar da shi.