Zif Ɗin Rigar Amarya

"Wayyo Allah! Ƙawas, zif ya tsinke!"

Saura minti biyar a kira mu cikin zauren biki amarya ta faɗi haka. Na juya ta da sauri. Tun daga wuya har ƙugu rigar ta wage baki.

"Kar ki kuskura ki yi kuka," na ce, "awa uku kwalliyar nan ta ci."

Ni ce babbar ƙawa. Babu abin da babu a jakata: hoda, turare, cajar waya, fil guda shida. Allura da zare kawai na mance a gida. Ni da na rubuta jerin kaya har shafi biyu!

Na soka fil ɗin, huɗu suka lanƙwashe, don rigar duk duwatsu ce. Sai na cusa hannu ƙarƙashin mayafinta na damƙe bakin rigar.

"Ki rantse ba wanda zai ji," ta ce. "Dangin ango dama abin faɗa suke nema..."

"Na rantse. Mu je."

Haka muka shiga, ina manne da bayanta. Ta zauna na tsaya, ta tashi na bi, ana hoto ina murmushin dole.

Matsalar ita ce, yau ne zan gaida mahaifiyar Dogo.

Shekara biyu muna soyayya da Dogo, ɗan baffan ango. Hajiyarsa ta ce boko ya yi min yawa, ba na ganin kowa da gashi. Da ƙyar ta yarda ta gan ni a wurin bikin nan.

Sai ga shi ya hawo inda muke, yana ta fara'a.

"Rabin raina, Hajiya ta iso. Zo mu je."

"Ba yanzu ba."

"Minti biyu fa kawai!"

"Na ce ba yanzu ba."

Fara'ar ta ɗauke. "Uwata ce fa ke jiranki. Amaryar guduwa za ta yi?"

Kalma ɗaya ta isa ta wanke ni. Amma shi ma dangin ango ne, kuma na rantse.

"Aikina nake yi," na ce.

Ya sauka bai waiwayo ba.

Ina hango teburinsu. 'Yar ƙanwar Hajiya, wadda ta daɗe da kafa wa Dogo ido, sai zuba mata lemo take tana raɗa. Can ta taso kamar za ta yi hoto, ta raɓo ni.

"Sannu 'yar boko! Digirin ne ya riƙe miki gwiwa? Ki yi ta tsayuwa, mu mun iya durƙuso."

Bakin fil ya shige yatsana, hannuna ya yi tsami har kafaɗa. Awa ɗaya da rabi! Sau biyu na ce wa amarya mu fita, sau biyu mai gabatarwa yana sake kiran wasu dangin hoto.

Sai na ga Hajiya ta miƙe, ta rataya jaka.

Shi ke nan, na ce a raina. Shekara biyu sun tafi a kan zif.

Amma ba ƙofa ta nufa ba, wurinmu ta yo. Ta dubi kafaɗar rigar, ta dubi hannuna da ya ɓace cikin mayafi.

"Amarya, taso ki gyara hoda," ta ce da ƙarfi. "A dakata da hoton nan!"

Muna shiga ɗakin kwalliya ta tura ƙofa.

"Saki."

"Hajiya, ai..."

"Ke, saki! Shekara talatin ina kan keken ɗinki. Tun daga kujerata na ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya."

Na so in saki, yatsun suka ƙi buɗewa. Ita ta ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ta ga jinin, ta ɗaure min yatsan da tsumma. Ta zaro allura da zare daga jaka ta hau ɗinki.

"Me ya hana ki aiko a faɗa min?"

"Ba sirrina ba ne, Hajiya."

"Ko da zan tafi da fushi?"

"Ko da za ki tafi."

"Taurin kai dai akwai shi," ta ce, ta datse zaren da haƙori.

Sai a lokacin na durƙusa. "Ina wuni, Hajiya."

"Sai yanzu? Lafiya lau. Tashi, kar ki ɓata kayanki."

Muna fitowa muka tarar da Dogo a bakin ƙofa, fuska a murtuke. Ya ga tsumman da aka ɗaure min yatsa da shi, ya yi sororo.

"Me ya same ki?"

"Ba ruwanka, maganar mata ce," in ji Hajiya. "Ka ba ta haƙuri."

"Yi haƙuri, rabin raina..."

Na ɗauke kai. "Zan yi shawara."

Hajiya ta gyara jakarta, ta yi gaba, sannan ta juyo.

"Ranar taku ni zan ɗinka rigar. Kuma maɓallai zan sa."