Ramin Farar Wuta

Dogo ma'aikaci ne a ɗakin gwaji na wata masana'anta, inda ake tace farar wuta daga iskar gas, ana neman yadda za a gauraya ta da kwaltar titi. Ranar nan rana ta yi ja, ana shirin kiran magariba, ogansa ya leƙo.

"Angon ƙarni, ɗebo mana narkakkiya a tanki kafin ka gudu wurin jaririnka."

"Oga, magariba fa ta yi."

"Ai tankin bai san magariba ba."

Ya ɗebo, ya cika kwalba. Sauran da ke cikin ludayin ƙarfe yana ta turiri. Ko ɗan yaye ya san ba a zubar da abu mai zafi da magariba ba bisimilla. Dogo ma ya sani. Sauri ne ya ci shi, ya watsa shi cikin wani tsohon rami a bayan tanki.

Sai kukan jariri ya taso daga ƙasa.

Dogo ya sandare. Injina na ta gurnani a nesa. Wurin ya cika da warin ruɓaɓɓen ƙwai. A bakin ramin wata shuɗiyar wuta ta kama, siririya, tana rarrafowa wajen takalminsa.

Aka yi magana daidai kunnensa, muryar mace, ƙasa-ƙasa.

"Ka ƙona min ɗa."

"Baiwar Allah, ban gani ba."

"Naka yana kan gado. An shafa masa mai, yana ƙamshi. Yanzu na baro shi."

Dogo ya durƙusa.

"Ki bar yaron," in ji shi da raɗa. "Ni na yi laifi. Ki cire a jikina."



Wani yatsa mai sanyi ya taɓa karan hancinsa.

Warin ya ɗauke ɗif.

Da rarrafe ya bar wurin, ƙirji kamar an ɗaure da waya. A bakin ƙofa ya faɗi, masu gadi suka kwashe shi. Likita ya ce guba ya shaƙa. Washegari masana'anta ta toshe ramin da siminti.

Da ya koma gida, ya tarar da yaron lafiya lau, yana barci. Matarsa ta miƙa masa shi.

"Baban Baby, ji ƙamshin kansa."

Dogo ya sunkuya, ya ja numfashi, ya sake ja. Bai ji komai ba. Har yau bai ji ba.

Ya ƙanƙame ɗansa, ya ce, "Alhamdulillahi."