Muryar Gefen Hagu

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Usta Abdulhamidu mai gyaran rediyo ya baro kasuwar Gadarif, a ƙasar Sudan. Takalmansa sun yi nauyi da baƙin taɓon damina. Hannunsa ɗaya na cikin aljihun jallabiya, ya damƙe wasu gwangwanaye biyu kamar za a ƙwace. Mukassif ne, abin da ke ajiye wuta a cikin na'urar sauti. Wata bakwai yana nemansu.

Siddiq mai sayar da tsofaffin ƙarafa ne ya ciro masa su daga cikin wani tsohon inji, har da kashedi.

"Ya Usta, daga wani kambo, sansanin leburorin gona na Fashaga, aka kawo injin nan. Shekara goma ba wanda ya kwana a ɗakin da yake ajiye. Leburori ma sun gwammace ruwa ya dake su a waje."

Ina! Abdulhamidu lambobin jikin gwangwanayen yake karantawa, ko ɗaga kai bai yi ba.

Kada ku ga laifinsa. Ranar da yaƙi ya kore su daga Madani, mutane zinariya suka ɗauka da barguna, shi kuwa ya rungumi tsohuwar amfilifaya, na'urar ƙara sauti mai nauyin buhun dawa, da rikoda, da kaset ɗaya. Matarsa Bakhita har tsiya ta yi masa a mota. Kwana uku bayan haka ciwon sukarinta ya tashi a hanya, babu magani, babu likita. A gefen titi suka binne ta, shi da 'yarsu Tibyan da wasu bayin Allah da bai san sunansu ba. Ko hotonta babu, waya ta salwanta a shingen bincike.

Kaset ɗin na ranar sunan Tibyan ne, shekara ashirin da suka wuce. Makirufo biyu ya kafa a ranar don iyayi. Na dama ya kwashi kiɗa da guɗa. Na hagu yana bakin ƙofar mai jego, shi ne ya kama Bakhita tana magana, jimla ɗaya tak. A ƙaramin rikoda kiɗa yana danne ta. Sai an raba sautin, an juya shi hagu kacokan, sannan ta fito. Gefen hagun amfilifayar kuwa ya mutu tun jijjigar hanya. Ya canza fis, ya canza taransista, ya bi kowace waya da mita, ba abin da ke fitowa sai gurnani.

Ya tarar da Tibyan a rumfa tana yin kisra, siririyar gurasar dawa, hayaƙin gawayi ya cika gidan.

"Baba, magariba ta yi. Bar shi sai gobe mana."

"Wuta ta dawo, 'yata. Wa ya san gobe?"

Ya shige bukkarsa ya jona ƙarfen liƙi. Ƙamshin narkakkiyar dalma ya tashi ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ciyawar rufi. Masu wannan sana'a suna da doka guda: ba a saka tsohon mukassif sai an sauke wutar da ke cikinsa. Ana ɗora wayoyin kwan fitila a ƙafafunsa biyu, kwan ya sha wutar har ya mutu. Shekara talatin Abdulhamidu bai taɓa tsallake wannan ba. Yau da yatsansa ya goga ƙafar ɗaya, sai wuta ta fizge shi har gwiwar hannu. Abin da ya shekara goma a yashe! Mai hankali da nan zai tsaya. Shi kuwa murmushi ya yi, ya ce ashe da ransu, ya liƙa su haka nan, ko bismillah babu.

Ladan ya fara kiran salla. Ya ce a ransa, minti ɗaya kawai.

Ya kunna. Ƙyas. Allurar ma'aunin sauti ta dama ta motsa. Ta hagu ta yi rawa, ta tashi.

Kiɗa ya cika ɗakin, da guɗar matan Madani, rabinsu yanzu ba a san inda suke ba. Ya murɗa sautin zuwa hagu. Kiɗan ya ja baya. Ga ƙarar awarwaro. Ga ɗan tarin nan nata.

"Ya Usta, rage ƙarar nan, yarinya na barci."

Allah sarki. Ya zauna daɓas a ƙasa. Dattijo mai furfura yana kuka kamar an yaye shi, yana cewa, "To, Bakhita. To."

Rikodan ya yi ƙas, ya tsaya da kansa.

Allurar hagu ba ta sauka ba.

Kwaɗin da ke ta kuka a bayan gida suka yi tsit. Ƙamshin dalma ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, turaren sandal ɗin da take sa wa tufafinta ranar Juma'a. A ƙarƙashinsa kuma akwai warin tsohon ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba.

Lasifikar hagu tana numfashi. Yana ganin takardarta tana shiga, tana fita.

"Ka gaji," in ji muryar, a hankali. "Ka bar ni a bakin titi, ga sanyi."

"Ba yadda zan yi ne," ya faɗa a zuci. Bakinsa ya kasa.

"Abdulhamidu."

Wayyo. Wani daɗi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Bai taɓa sanin sunansa yana da daɗi haka ba.

"Abdulhamidu. Amsa mini."

Ya ja jiki zuwa ga lasifikar. Iska mai sanyi na fitowa daga cikinta, tana ja masa gemu. Leɓɓansa suka buɗe. "Na'am" ɗin ta hau harshensa.

Aka riƙe masa kafaɗa. Hannu ne mai ɗumi, da ƙullun kisra a jiki.

"Baba," Tibyan ta raɗa. "Umma ba ta faɗin sunanka."

Ya daskare.

Shekara ashirin da uku suna tare. Ko a faɗa, ko a wasa, ko ranar da take mutuwa a cinyarsa, Bakhita ba ta taɓa kama sunansa ba. Kunyar gidansu ce. Usta take cewa. Ya sha tsokanarta, ya ce sau ɗaya dai, sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

"Tibyan," in ji muryar. "Zo, Tibyan."

'Yar fari! Wadda uwarta ba ta taɓa ce mata komai ba sai yarinya.

Ya ji hannun 'yarsa ya saki kafaɗarsa. Ta yi taku ɗaya zuwa ga lasifikar. Ya fizgo ta, ya toshe mata baki, ya kai ƙafa ya tumɓuke wayar daga bango.

Fitilar injin ta mutu.

Muryar ba ta mutu ba.

"Abdulhamidu. Sau nawa ka roƙe ni in faɗa?"

Ya san inda take zaune, cikin gwangwanayen nan. Ya lalubo kwan fitilar nan mai wayoyi biyu. Yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa don sanyi.

"Kada ka sake binne ni."

Ya ce, "A'uzu billahi." Ya ɗora wayoyin.

Kwan ya kama da wani haske kore. Muryar ta yi tsawo, ta yi kauri, ta koma wadda ba ta mace ba, ba ta namiji ba. Sannan ta sake sirancewa, ta dawo ta Bakhita sak, tana kuka, tana kiran sunansa. Bai ɗaga hannu ba. Yana kallo hasken ya koma ja, ya koma kamar garwashi, ya ɗauke.

Kwaɗi suka ci gaba da kuka. A masallaci an kai raka'a ta biyu.

Da safe ya kai gwangwanayen bayan gari ya binne. Daga baya ya samu wasu, ya sauke su da kwan fitila sau uku, ya yi bismillah. Amfilifayar ta tashi lafiya lau, dama da hagu. Sai dai da kaset ɗin ya zo wurin nan, babu awarwaro, babu tari, babu Bakhita. Shuuu kawai, na tsawon numfashi biyu.

Yanzu a kasuwar Gadarif, in ka kira shi da sunansa ba zai waiwayo ba. Wasu na cewa kunnensa ne ya yi nauyi. Ce masa Usta ka gani.

Duk Juma'a bayan la'asar yana sa kaset ɗin, Tibyan na zaune a bakin ƙofa. Su saurari kiɗan, su saurari guɗar. In an zo wurin da babu komai, sai ya miƙa hannu ya rage ƙarar.