Irin da Goggo Ta Nema

Duk wanda ya taso tsakanin Ambursa da Argungu ya san Tafkin Goggo, ko bai taɓa taka bakinsa ba. Baƙin ruwa ne a tsakiyar fadama, ba ya ƙafewa ko a shekarar fari. Tsofaffi sun ce tun kafin a kafa gari wata ke zaune a ciki, kadoji ne awakinta. Ba a faɗin sunanta, Goggo kawai ake ce mata. Masunta ba sa jefa homa a wurin, manoma kuma sukan bar mata taku arba'in daga gaɓa.

Riskuwa ya san duk wannan. Amma shekara ashirin yana rabon irin shuka a wani ofis a Birnin Kebbi, yana ganin waɗanda ya auna wa iri da hannunsa suna dawowa cikin motoci, shi yana bisa babur ɗin da sai an tura. Gidan haya ɗaki biyu, ga matarsa Ummu Hani, ga 'ya'ya uku sun girma. Fadama kuwa an rabe ta kaf. Wuri ɗaya ya rage wanda babu mai shi, shi ne tafkin.

Da tsakar rana ya je wurin Tamba, tsohon masunci da ya bar su ya koma hidimar Goggo. Bukkarsa na gindin wata tsamiya. An rataye yagaggun homa a rassanta, da jan ƙyalle da ya koma baƙi. A ƙasa ƙoƙon kan kada ne, an cika bakinsa da gero, ƙudaje sun rufe shi. Wurin na ƙarnin kifi, alhali babu kifi ko ɗaya.

"Riskuwa mai iri," in ji Tamba, bai ɗago kai ba. "Mi kaka nema cikin ranag ga?"

"Baba, tabkin nika so. In cike shi, in shibka shinkahwa."

"Gidan mutum za ka noma, da mai shi ciki?"

"Shi ya sa niz zo. A roƙe ta ta gusa."

Tamba ya yanka baƙin bunsurun da Riskuwa ya ɗauro a babur, ya tsiyaye jinin a gora irin wadda masunta ke hawa, ya toshe bakinta, ya tura ta bisa ruwa. Gorar da ke ɗaukar ƙato ba ta nutse ba, sai ga ta ta nutse kamar dutse. Kwaɗi suka yi tsit. Tsohon ya kwanta rub da ciki, ya kara kunne a ruwan, ya daɗe.

"Ta yarda," ya ce. "Ba ka ganin hwari, ba ka ganin ambaliya, tsuntsu ba ya sauka gonarka. Amma duk girbi tana son iri. Irinka."

Riskuwa ya yi dariya har da dukan cinya. "Iri? Ni da ka kwana cikin iri? Wane taka so, ɗan gwamnati ko na gida?"

"Irinka tac ce. Kana da wata tambaya?"

"Babu."

"Sake dubawa, ɗana."

"Baba, rana na yi, ohis za ni koma."

Ranar da katafila ta fara tura ƙasa, kadoji suka fito a jere da rana tsaka, suka ratsa gonakin mutane, ba su waiwaya ba. Wanda ya gani bai ci abinci ba ran nan.

Shinkafa kuwa ta yi. Wallahi ta yi. Ruwa ya cinye gonakin maƙwabta, ya zo iyakar ta Riskuwa ya tsaya kamar an ja masa layi. Ya ajiye aiki, ya kafa injin casa, ya gina bene a Birnin Kebbi, da rijiyar burtsatse da tanki a sama, famfo a kowane ɗaki. Bayan girbi ya zaɓi buhun iri mafi kyau, ya kai gulbi ya juye. Irin bai nutse ba, kifi bai taɓa shi ba, ya dawo gaɓa ya taru. Riskuwa ya ga haka, ya kau da kai.

Kwana tara bayan nan aka tarar da babban ɗansa Aminullahi, wanda ke kula da injinan ban ruwa, kife a cikin gona. Ruwan da ya ci shi bai kai idon sawu ba.

Girbi na biyu, ɗansa na biyu, Izzuddeen. Shi bai taɓa zuwa gonar ba, ɗan boko ne. Ya shiga wanka a saman bene da hantsi, aka ɓalle ƙofa aka same shi bakinsa cike da baƙin taɓo.

Daga ranar Ummu Hani ta ɗauki taɓarya ta bi famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya tana karyawa. "Tana cikin bututu, Malam," take cewa, tana dariya. "Ba ka jin numhwashinta?" Sai da aka ɗaure ta.

Riskuwa ya koma gindin tsamiya, ya shaƙi wuyan rigar tsohon. "Ka ce iri! Na ba ta iri, buhu guda, mai kyau!"

"Awo, iri nic ce," in ji Tamba. "Kai shinkahwa ta haihe ka? In an ce irin mutum, buhu aka nuhi?"

Riskuwa ya saki wuyan rigar tsohon. Mutumin da ya shekara ashirin yana faɗin kalmar nan sau ɗari a yini, bai taɓa jin ɗaya ma'anarta ba sai yau.

"Na mai da mata tabkinta. A tone shi, Baba, yau ɗin nan."

"Ka rushe mata gida, ta bi ka naka. Ka gina mata rijiya, ka ɗora mata tanki. Mi za ta dawo yi nan?"

Saura Munira, autarsa, tana gidan miji da tsohon ciki. Ya hana a girbe gonar, yana ganin in babu girbi babu bayarwa. Shinkafa ta nuna, ta sunkuya, ta kakkaɓe da kanta. Ranar da ta gama zuba naƙuda ta kama Munira. Ungozoma ta ce da faya ta fashe, baƙin ruwa ne ya fito, mai ƙarnin kifi. Uwa da jinjiri kabari ɗaya.

Damina na zuwa ruwa ya shafe gonar, tafki ya koma wurinsa, kadoji suka dawo. Benen na nan, ba mai saye, bangonsa na tsattsafo ko da bazara. Riskuwa kuma yana yawo a kasuwar Argungu, leɓe a tsage, ba ya shan ruwa sai an danne shi. Aljihunsa cike da shinkafa, yana miƙa wa duk wanda ya wuce yana cewa, "Karɓi iri."

Ku da ke ganin babu abin da katafila ba ta turewa, ku ji da kyau. Abin da kakanni suka bar wa taku arba'in, ba don ba su son shinkafa ba ne. Wanda kwaɗayi ya hana shi tsayawa ya yi tambaya ɗaya, to da gidansa zai ji amsar.