Kwalba Ta Shida

"Ole! Ole!" Haka yaran unguwar Sabo suka bi Haulatu da ihu har bakin famfo, wato ɓarauniya da Yarbanci, ita kuwa tana tafe da bokiti a ka, hawaye na sauka kan shatar bulalar jiya. Allah sarki, maraici! Tun rasuwar iyayenta take hannun Iya Kande, matar baffanta, mai sayar da kananzir a ƙofar gida, kuma Haulatu ce mai ɗura shi a kwalabe. Ko yaron goye a Ibadan ya san galan kwalba shida ne. To amma da yaƙi ya sa kananzir wuya, Manniru ɗan Iya Kande ya karɓi zuwa sari, yana kawo wasu sababbin galan daga unguwar Mokola, sai awo ya koma biyar... kullum biyar!

"Ina ta shidan, munafuka?" in ji Iya Kande, tana murɗe mata kunne.

"Wallahi Iya, ko ɗigo ban taɓa ba..."

"Galan dai galan ne, Iya," Manniru ya ce yana hamma. "Ki matsa mata, za ta faɗa."

Aka hana ta tuwo. Matan unguwa suka fara janye kwanukansu in ta shigo, kamar sun ga akuya. Iya Kande ta rantse ranar da Baffa Iliyasu ya dawo fataucin goro daga Kwatano, ranar Haulatu za ta bar gidan da sunan sata. Wa zai karɓi ɓarauniya? Ta yi kuka har muryarta ta dushe tana cewa, "Ya Allah, kai ne gatana!"

Amma tambayar ta fi dukan cin ranta. Ina kwalbar take zuwa? Ta shafa gindin galan ko yoyo yake yi, babu. Ko iska ke sha? Ta toshe bakin da tsumma, biyar. Ko aljanu ne? Ta tofa addu'a, biyar dai! Sai ranar wanki, ta juye ruwa daga tsohon galan na gidan zuwa wani sabo da kananzirinsa ya ƙare. Sabon ya cika har yana ambaliya, alhali tsohon da sauran ruwa a ciki. Ta tsaya baki buɗe.

Ranar da Baffa ya sauka, tsakar gida ta cika da 'yan kallo. Haulatu ta durƙusa. "Baffa, kafin a kore ni, ka bar ni in juye ruwa sau ɗaya..." Ta cika tsohon, ta juye a sabon, ragowar ta ɗura a kwalba, sai ga ta ta cika cif! Baffa ya ɗaga sabon galan, ya ga inda aka kankare rubutun awo.

"Ai galan iri biyu ne," ya ce. "Na Ingila ya ɗan haura lita huɗu da rabi, na Amurka ko huɗu bai kai ba. A Kwatano da lita ake awo, ba a wannan rigima. Manniru, wa ya kankare nan?"

Gumi ya karyo wa Manniru. Ashe da araha yake saro ƙaramin, yana soke rarar a aljihu, yana kallo ana dukan marainiya! Nan take Baffa ya raba shi da sarin, ya tura shi dakon huhun goro a tashar Ojoo.

Iya Kande ta fashe da kuka. "Ki yafe mini, 'yata..."

"Na yafe, Iya. Sunana kawai nake so."

Baffa ya nuna wa matarsa ƙofa. Ba mayafin kirki, haka Iya Kande ta bi layin gida gida tana sallama, tana faɗa da bakinta: "Haulatu ba ta yi sata ba. Ɗana ne ɓarawon."