Tsuntsuwar Cikin Jita

Ka taɓa jin wani sauti mai daɗi har ka manta da abin da ke hannunka? Ke fa, kin taɓa tsayawa cak kina cikin wanke-wanke saboda wani kiɗa ya ɗauke miki hankali? To, haka ta faru da wata yarinya a unguwar Panshekara.

Yarinyar tana aji biyar a firamare. Akwai ta da yawan tunani. In ta hango hayaƙi yana tashi daga kamfanonin Challawa, sai ta ce raƙuma ne suke hawa sama. In jiniyar tashi daga aiki ta yi kuka, sai ta ce wata ƙatuwar saniya ce take kiran 'ya'yanta.

"Ke dai kullum kina can duniyar mafarki," in ji Umma. "Sauko ki miƙo min ludayi."

A ɗakin soron gidan, ƙanin Umma ne yake zaune. Sunansa Kawu Muhyiddeen. Daga Damagaram ya zo, yana aiki a wani kamfanin jimar fata. Bai zo da kaya da yawa ba. Jaka ɗaya ce, da bargo, da wata tsohuwar jita mai launin zuma. Matarsa da 'yarsa Badi'a, mai shekara huɗu, suna can gida.

Duk ranar Juma'a bayan la'asar, Kawu yakan shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Sai ya kira gida, ya ɗora wayar a kan turmi, ya ɗauko jita. Kiɗa ɗaya yake yi kullum. Yakan fara da tsirkiyoyi masu kauri, a hankali, kamar ana tafiya a cikin yashi. Can wajen ƙarshe sai ya koma kan 'yar siririyar tsirkiya ta ƙasa. Ita kuwa sai ta yi wani kuka siriri mai daɗi.

Nan take za ka ji ihun Badi'a daga cikin waya.

"Ga tsuntsuwata! Baba, tsuntsuwata ta zo!"

Duk mako ita take jira. An ce ranar Juma'a ko tuwo ba ta ci sai tsuntsuwarta ta zo.

Yarinyarmu kuwa takan zauna a gefen tabarma, ta rufe ido. Sai ta ga tsuntsuwar ta fito daga ramin jitar. Ta haye rufin kamfanoni, ta wuce motocin ma'aikata, ta bi ta saman gonakin gero, har ta sauka a kafaɗar Badi'a.

Wata rana ta yi ƙarfin hali.

"Kawu, za ku koya min?"

Kawu ya yi dariya. "Kawo hannunki na hagu in gani. Kai! Waɗannan faratan, noma za ki yi da su? Je ki yanke su tukuna."

Ta ruga ta yanke, ta dawo tana haki.

Ya nuna mata yadda ake zama, da yadda ake rungumar jita. Ya nuna mata tsirkiyoyi shida. Ya ɗora yatsanta a kan guda, ya ce ta danna sosai.

"Kullum ki ɗauka ki yi minti goma, ko ba na nan," ya ce. "Amma ɗiyata, kin ga waɗannan 'yan ƙarafan shida da ke can sama? Kunnuwan jita ke nan. Da su ake ɗaure tsirkiya. Kada ki murɗa su. Wannan sai kin ƙara gaba."

"To, Kawu."

Ranar farko daɗi kamar me. Rana ta biyu yatsunta suka yi ja. Rana ta uku kowane yatsa ya yi zane, kamar an ja masa layi da reza. Ko fensir ta riƙe a makaranta sai ta ji zogi.

A mafarkinta ba haka abin yake ba. A can tana zaune a saman tankin ruwa, tana kaɗa jita, 'yan adaidaita sahu suna kashe inji don su saurara. A can babu zogi ko kaɗan.

Ranar Alhamis babu Islamiyya. Kawu yana aikin rana. Umma ta shiga maƙwabta barka. Yarinyar ta ɗauko jita, ta danna tsirkiya, ta ce, "Wash!"

Sai idonta ya faɗa kan igiyar shanya. Igiyar ta yi sako-sako, iska tana lilo da ita.

"Ashe!" ta ce a ranta. "Ɗaurin ne ya yi yawa. In na ɗan sassauta, ai za su yi laushi. Kafin Kawu ya dawo na mayar."

Ta kama kunne na farko ta murɗa. Ta kama na biyu. Haka har shida. Ta danna, ta ji laushi kamar zaren saƙa. Ta yi tsalle don murna.

Sannan ta kaɗa.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Kamar ƙuda ne ya maƙale a cikin gwangwani. Ta shiga murɗa kunnuwan da sauri don ta mayar. Amma ina ne daidai? Ba ta sani ba. Ta murɗa na siririyar, ta ƙara, ta ƙara.

Tas!

Tsirkiyar ta tsinke, ta tsula mata a bayan hannu. Ta zauna tana kallon guntun wayar yana reto. Gobe Juma'a.

Da ta jira Umma ta faɗa mata, da abin ya zo da sauƙi. Amma tsoro ya hana ta. Sai wata dabara ta zo mata. Ta zura hijabi, ta nufi bakin titi, wajen Malam Abdulbaqi mai gyaran keke. Shi ne yake gyara kekunan ma'aikata a gindin wata darbejiya.

"Sannu da aiki, Malam. Don Allah kuna da tsohuwar wayar birki?"

Malam Abdulbaqi ya ɗago kai. "Ikon Allah! Hajiya, keke kika saya ba a yi mana albishir ba?"

"A'a. Aikin makaranta ne aka ba mu."

Ƙaryar ta fito da sauƙi, har ita kanta ta yi mamaki. Ya warware mata sili ɗaya daga wata tsohuwar waya, ya miƙa mata.

"Allah ya ba da ilimi mai amfani," ya ce.

Ta ce amin a hankali, ba ta iya kallon fuskarsa ba.

A gida ta ƙulla silin a inda tsirkiyar take. In ka tsaya daga nesa, sai ka ce ita ce. Ta naɗe jitar a cikin zanen da Kawu yake rufe ta da shi, ta jingine a inda take.

Washegari da safe Kawu ya ce, "Ɗiyata, yaya yatsu?"

"Lafiya lau," ta ce, ta wuce makaranta da sauri.

Bayan la'asar, tun kafin Kawu ya gama shimfiɗa tabarma, waya ta yi ƙara. Badi'a ce ta gaji da jira. Kawu ya ɗora wayar a kan turmi, ya warware zanen, ya kaɗa sau ɗaya. Sai ya tsaya.

"Ɗan jira kaɗan, Badi'a," ya ce.

Ya kara kunnensa, ya gyara tsirkiyoyi biyar ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ta shida, ya daɗe yana kallonta. Yarinyar tana laɓe a bayan randa, tana leƙe.

Kawu ya fara kiɗa. Tafiyar yashi ta yi kyau. Da lokacin tsuntsuwa ya yi, ya taɓa wayar birki. Ta yi wani ƙara mara daɗi, ƙullin ya kwance, ta zube a kan tabarma.

"Baba?" in ji Badi'a. "Ina tsuntsuwata?"

"Yau ba ta samu zuwa ba, ɗiyata."

"Ta mutu ne?"

"A'a, ba ta mutu ba."

Amma Badi'a ta riga ta fashe da kuka. Suna jin mamarta tana rarrashi, tana cewa ga tuwo, Badi'a tana cewa ba ta ci. Can wayar ta katse.

Kawu ya zauna da jita a cinya, ya sunkuyar da kai. Yarinyar ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ta rufe ido don ta tsere zuwa duniyar mafarki. Wannan karon babu raƙuma, babu tsuntsuwa. Kukan Badi'a kawai take ji.

Ta fito daga bayan randa, ta durƙusa.

"Kawu, ni ce. Ni na murɗa kunnuwan. Ni na tsinka ta. Don Allah ku yi haƙuri."

Umma ta ajiye tsintsiya. "Ke! Ita kuma wannan wayar daga ina?"

"Wajen Malam Abdulbaqi. Na ce masa aikin makaranta ne."

"Har da ƙarya? Ɓarna ɗaya kika yi, kika mayar da ita uku!"

Kawu ya ɗaga hannu. "Bar ta, Yaya. Ɗiyata, me ya sa kika murɗa?"

"Zafi, Kawu. Yatsuna ne suke zafi."

"Kawo in gani."

Ya duba zanen da ke kan yatsunta. Sannan ya miƙa mata nasa. "Taɓa nan."

Ta taɓa. Kan yatsunsa tauri kamar busasshiyar fata.

"Wannan taurin shi ake kira kanta," ya ce. "Kowa da zafi yake farawa. Ni har kuka na yi. In kika daure, fatar za ta yi tauri, zafin ya tafi. Tsirkiya kuwa takan tsinke, ko a hannuna. Ba wannan ne ya ɓata min rai ba. Da safe na tambaye ki, kika ce lafiya lau. Da kin faɗa min, da na biya Sabon Gari bayan masallaci na sayo wata. Da Badi'a ba ta yi kuka ba."

Hawaye ya zubo wa yarinyar. "To yanzu yaya zan yi?"

"Ke kika kori tsuntsuwa," in ji Kawu. "Ke za ki dawo da ita."

Kafin magariba Umma ta tura ta wajen Malam Abdulbaqi. Ta faɗa masa gaskiya, kanta a ƙasa.

"Wayar birki a jikin jita?" ya ce, yana dariya har da riƙe ciki. "Ai ita aikinta tsayar da abu ne, shi ya sa ta tsayar muku da kiɗan! Na yafe. Amma kada ki ƙara yi wa babba ƙarya."

Ranar Asabar Kawu ya sayo sabuwar tsirkiya. Ya ɗaura ta a gabanta, a hankali, yana murɗawa yana saurare. Sannan ya nuna mata kukan tsuntsuwa. Wurare uku ne kawai za ta danna, a kan tsirkiya ɗaya.

Ta dinga yi. Minti goma kafin makaranta, minti goma bayan Islamiyya. Zafi yana nan. In ya yi yawa sai ta ce, "Kawu, zafi," shi kuma ya ce, "Huta, ki dawo." Kunnuwan kuwa ko kallonsu ba ta yi. Ranar Laraba ta shafa kan yatsanta, ta ji ya fara tauri. Ta zaga gidan tana nuna wa kowa, har da akuya.

Juma'a ta zo. Waya tana kan turmi.

"Badi'a, ni ce," in ji yarinyar. "Ni na tsinka tsirkiyar Babanki, shi ya sa tsuntsuwarki ba ta zo ba. Ki yi haƙuri."

"To yau za ta zo?"

"Saurara ki ji."

Kawu ya yi tafiyar yashi har ƙarshe. Sai ya ɗora jitar a cinyar yarinyar. Ta rungume ta. Ta danna, sautin ya shaƙe. Ta ja numfashi, ta gyara yatsa, ta sake dannawa da ƙarfi.

Sai ga kukan nan siriri ya fito. A hankali ya fito, yana ɗan tangaɗi, amma shi ne.

"Ta dawo!" Badi'a ta ƙwalla ihu. "Mama, ta dawo! Amma Baba, me ya sa take tafiya a hankali?"

"Wannan ɗiyarta ce," in ji Kawu. "Yanzu take koyon tashi."

"To a ce mata ta ƙara!"

Yarinyar ta ƙara, ta kuma ƙarawa. Ta rufe ido, ta ga 'yar ƙaramar tsuntsuwa ta haye rufin kamfanoni, ta nufi arewa. Daga cikin waya suka ji Badi'a tana cewa a kawo mata tuwonta.

Yara, darasin a fili yake. Duk abin da za ka koya, farkonsa da wuya, kuma haƙuri ne yake kai mutum. In kuwa ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Ɓoyewa ƙara shi take yi, har ya taɓa wanda bai ji ba bai gani ba.

Yanzu saura kai, saura ke. In akwai abin da ka ɓata ka ɓoye, rufe littafin nan, ka je ka faɗa wa mai shi yau. In kuma akwai abin da ka fara koyo ka ajiye saboda wuya, je ka ɗauko shi, ka ba shi minti goma.