Tabon Da Ke Hannun Khaulat

"Khaulat, don Allah miƙo hannun. Sau ɗaya kawai ya rage."

"Na gaji, Mudassiru... Wallahi na gaji!"

Ta janye hannunta daga ƙarƙashin kyamarar, ta ja mayafi ta rufe farin tabon da ya bi ta daga wuyan hannu har gwiwa. Ko hawaye ba ta da shi, sun ƙare tun a gida.

Khaulat 'yar Malam Hambali ce, manomin tumatir a Kadawa. Tun da ta gama sakandare ita ke haɗa masa maganin feshi a bakin magudanar ruwan rani, da hannunta, ba safar hannu ba komai. A hankali fatar ta fara washewa.

Da ranin shekarar 2006 masu bincike daga wata jami'a suka sauka a asibitin Kura, suna duba fatar masu noman rani. Mudassiru ne mai kula da kyamararsu. Ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Sai ta ɗauka da jan haske, ta sake da kore, da shuɗi, da wani hasken da ido ba ya gani, sannan kwamfuta ta ɗora su kan juna, likita ya ga zurfin tabo da iyakarsa. Amma in mutum ya ɗan motsa tsakanin wannan haske da wancan, ko da na numfashi ne, hotunan ba sa hawa daidai.

Ita kuwa Khaulat tsoro ne ya hana hannunta zama. Ta dawo, ta sake dawowa. A wannan dawowar ce hira ta shiga tsakaninsu, har ya fara raka ta bakin titi, har ya je ya gaida Malam Hambali a gona.

Sai Saliha ta shigo. 'Yar ƙanwar mahaifiyar Mudassiru ce, ta daɗe da sa ranta a kansa. Ta tsinci ɗaya daga cikin lalatattun hotunan a ɗakinsa, wanda tabon ya fito ninki biyu, gefensa ja da kore kamar naman yana cinyewa. Ta kai wa Hajiya Kubra, mahaifiyarsa.

"Hajiya, kin ga wadda za a kawo miki. Kuturta ce!"

Kafin sati ya zagayo maganar ta iso Kadawa. Abin da ya sa ke nan yau Khaulat ta janye hannunta.

"Hajiyarka ta aiko wa Baba cewa kada ka sake taka gidanmu," in ji Khaulat, muryarta a dushe. "Ƙawayena in na zo ɗibar ruwa sai su matsa. Ka ƙyale ni haka nan. Kowane hoto ka ɗauka, sharri yake jawo min."

Mudassiru ya zauna a kan benci. Shi ma duk ya rame, idanunsa sun yi ja saboda duban kwamfuta.

"Laifina ne, abar ƙaunata. Ina ta cewa ki daina motsi, alhali ba mai rai da zai iya. Aikin nawa ne bai ƙarasa ba."

Ya ɗauko wani siririn alƙalami.

"Zan ɗiga miki baƙin tawada kewaye da tabon. Ɗigon zai fito a kowane hoto. Na tsara wa kwamfutar yadda za ta nemo su, ta matsar da hotunan har ɗigo ya hau kan ɗigo. Ko hannun ya yi rawa ba komai."

"Ka tabbata?"

"Na gwada a hannuna har ya yi. Ki ba ni dama, Khaulat..."

Ta dube shi, sannan ta miƙa hannun.

Haske ya sauya, ya sake sauyawa. Hannun bai bar rawa ba. Amma da hoton ya fito, sai ga tabon da iyakarsa tsaf, daidai yadda yake a jikinta, ba ninki ba ja.

Likitar tawagar, wani dattijo mai sanyin magana, ya duba hoton. Ya ce ta rufe ido, ya riƙa shafa auduga a kan tabon.

"Kina ji?"

"Ina ji."

"Nan fa?"

"Ina ji, Likita."

"Tabon kuturta ba ya jin taɓi, 'yata. Alamu sun nuna maganin feshi ne ya cinye launin fatar. Ki daina taɓa shi. Sai dai ba zan yi miki alkawarin launin zai dawo duka ba."

Da ya fita, Mudassiru ya juyo yana murmushi. Ita ba ta yi ba.

"In da kuturtar ce fa?"

"Da mun karɓi magani. Tana warkewa."

"Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya ce, "Da na jira ki, ko Hajiya ta so ko ba ta so ba. Zan yi ta ba ta haƙuri har ta sauko, amma ba zan bar ki ba."

Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Hajiya Kubra ba ta sauko da wuri ba. Ta ga hotunan biyu, ta ji bayanin likita, ta ce ita ba ta san wannan boko ba. Sai da aka kwashe tumatir, damina ta faɗi, sannan ta gane cewa Saliha ta san hoton lalatacce ne tun farko, don Mudassiru ya taɓa gaya mata. Ta sallame ta gidan iyayenta, ta tura manya Kadawa neman auren Khaulat.

Ranar sa lalle aka ga abin da ba a saba gani ba: uwar ango ta shigo gidan amarya da kanta. Ta zauna kusa da Khaulat, ta janye mayafin, ta riƙe hannun mai tabo da hannuwanta biyu.

"Na ɗauki maganar da ban tantance ba, na ɓata miki suna. Ki yafe min, 'yata."

Khaulat ta sunkuyar da kai. Zuciyarta ba ta gama hucewa ba, amma ta ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya."

Hajiya ta jawo kwanon lallen gabanta, ta ɗebo, ta dubi mai ƙunshin.

"Matsa can. Wannan hannun ni zan ƙunsa."